Ƙafar Baya ta Motar Labaran

Ranar wata Talata ce cikin damina, da hantsi. Malam Kailani yana tsugune a gefen wata tsohuwar bas a garejinsa na bayan Agoro, a Tudun Wada, yana kwance mata taya, sai ya ji ƙarar mota tana shigowa daga bakin titi. Siririyar ƙara ce ta ƙarfe yana gugar ƙarfe, irin wadda mota ke yi idan fad ɗin birkinta ya cinye. Bai ɗaga kai ba, don rabin masu zuwa wurinsa da wannan kukan suke sallama. Motar ta tsaya a bayansa, aka kashe ta. Sannan wani sauti ya biyo baya daga ƙafafunta na baya, gajere, kamar an kunna ɗan injin markaɗe a cikin rufaffiyar tukunya an kashe nan take. Sifanar da ke hannunsa ta suɓuce ta faɗi.

Ko bai juya ba ya san motar. Ta Labaran ce, baƙa, 'yar Jamus, wadda ba ta da sandar hambirki, wato birkin hannu, irin ta motocin da ya saba da su, sai wani ɗan maɓalli kusa da giya da ake ja da yatsa. Rabonsa da ganinta tun ranar jana'izar mai ita, wata huɗu da rabi da suka wuce.

Labaran abokinsa ne tun suna firamare a Tudun Jukun. Shi ya ci gaba da karatu har ya zama ma'aikacin gona, Kailani kuwa ya kama sifana. Duk da haka ba su rabu ba. Tun daga babur ɗin Labaran na farko har zuwa wannan motar, babu hannun da ya taɓa masa abin hawa sai na Kailani.

Rauda, matar marigayin, ta fito daga wajen direba cikin dogon hijabi. Ta rame, amma muryarta tana nan yadda ya san ta, ta malamar makaranta.

"Sannu da aiki, Malam Kailani."

"Maman Surayya, ke ce da kanki? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Makon jiya na fita takaba, kuma ranar Litinin zan koma makaranta. Dole in riƙa kai yara in wuce aiki, shi ya sa na yaye mata tamfol. Yayana Zulkiflu ya sa mata sabon batir. To ka ji kukan da take yi a baya. Akwai kuma wata fitila ruwan ɗorawa da ta ƙi mutuwa a gaban sitiyari."

Ta miƙo masa makulli. Ya goge hannu a jikin riga, ya sake gogewa, sannan ya karɓa.

"Da ma kin kai ta wurin masu kwamfuta," in ji shi. "Irin waɗannan motocin sun fi ganewa da su."

"Shi bai taɓa yarda wani ya taɓa masa mota ba sai kai. Ni ma ban san kowa ba."

Ya sa makullin a aljihu. Ta ce idan ya gama ya kira ta, ta fita bakin titi ta tari keke napep ta tafi.

Abin da Rauda ba ta sani ba, kuma babu wanda ya sani sai shi da Mahaliccinsa, ya faru ne a daidai wannan wuri, ranar wata Litinin cikin bazara, kwana uku kafin rasuwar Labaran. A ranar Labaran ya kawo motar a canza mata fad ɗin baya, 'yan fallayen nan biyu da ke cije farantin taya idan an taka birki. Shekara ashirin da shida Kailani yana wannan sana'a, ya canza fad ba adadi. Ka cire taya, ka kwance kalifa, wato ƙarfen da ke rungume da farantin, ka matsa fistan ɗinta, ɗan ƙarfen da ke tura fad, ya koma ciki, ka sa sabon fad, ka ɗaure. Amma da ya cire tayar dama sai ya ga abin da bai saba gani ba, wani baƙin akwati na roba manne a bayan kalifar, waya ta shiga cikinsa. Ya san labarin abin. Ya taɓa jin cewa ɗan inji ne a ciki, shi ke matse birki idan an ja maɓalli, kuma sai an haɗa motar da kwamfuta an ba shi umarni ya janye kafin fistan ya yarda ya koma. Ya kuma san mai kwamfutar, wani Evans, mutumin Wusasa, mai shago a kan titin Gaskiya. Sai dai sun taɓa yin sa-in-sa da shi a kan wani aiki, kuma Kailani ya taɓa faɗa a gaban jama'a cewa wanda sai ya tambayi kwamfuta kafin ya san ciwon mota ba bakanike ba ne.

Labaran yana zaune a kan benci a inuwar dogon yaro, yana shan mangwaro. Da ya ga abokinsa ya yi tsaye yana kallon akwatin, sai ya yi dariya.

"Yaya dai, Kailani? Ta fi ƙarfinka ne, a kira 'yan boko?"

"Wace irin mota ce ban buɗe ba a garin nan?"

Ya ɗauko ƙarfen matsewa ya ɗora a kan fistan ya fara murɗawa. Fistan ya ƙi. Ya ƙara wa hannun ƙarfen bututu, ya sa ƙarfinsa duka. Sai ya ji wani abu ya ce ƙas a ciki, a hankali, kamar an karya ƙashin kaza. Fistan ya shige. Ya waiwaya, Labaran yana can yana wanke hannu da buta, bai ji ba.

Ya sa sabon fad ya ɗaure. Ƙafar hagu kuwa tsoro bai bar shi ya taɓa ta ba. Ya leƙa ta ƙarƙashi ya ce fad ɗinta da sauransa, alhali ya ga saura ƙiris ya ƙare. Da Labaran ya tayar da motar, fitilar nan ruwan ɗorawa ta kama.

"Wannan fa?"

"Haka suke motocin nan, da ka taɓa su sai su kawo fitila. Ba komai. Ka dawo da ita ran Asabar in duba."

Niyyarsa kafin Asabar ya haɗiye girman kai ya kira Evans. Bai kira ba ranar Talata. Ranar Laraba ya ɗauko waya ya nemo lambar, sai wani ya shigo da aiki, ya mayar da ita aljihu.

Ranar Alhamis bayan la'asar Labaran ya koma gidansa a Hanwa. Gidan yana ƙasa da titi, akwai 'yar gangara mai siminti daga titin zuwa get. Ɗabi'arsa ce, kuma kowa ya san shi da ita, ya bar mota a kunne, ya sa ta a firi, wato ya cire giya, ya ja maɓallin hambirki ya fita ya buɗe get. A ranar yana tsugune yana zare sakatar ƙasa, ya ba motar baya, ta biyo shi a hankali ta haɗa shi da ƙarfen get. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Mutane suka ce kwana ne ya ƙare, wasu suka ce a gaggauce ya manta bai ja maɓallin ba.

Da aka zo yi masa wanka, 'yan'uwansa suka ce Kailani ya shigo, don babu wanda ya fi shi kusanci da mamacin. Shi ya riƙa zuba ruwa. Da aka juya gawar ya ga wani baƙin layi ya ratsa bayan, a miƙe kamar an ja shi da ma'auni, daidai tsayin bambar motar. Tun daga ranar duk motar da aka kawo masa mai irin wannan maɓalli sai ya ce aiki ya yi masa yawa. Wani lokaci yana tsaye a sahu, liman yana karatu, sai ya ji ƙas ɗin nan a kunnensa na dama, har ya rasa raka'a ta nawa ake.

Yanzu ga motar an kawo masa har gareji, ga makullinta a hannunsa.

Ya buɗe ƙofa ya leƙa. Rauda ta matso da kujerar gaba, amma ba ta taɓa komai ba bayan wannan. Carbin Labaran yana rataye a madubi. A aljihun ƙofa akwai takardun taron manoma da wata hula zanna da aka naɗe biyu. Ƙamshin turarensa bai fita ba, wata huɗu a rufe sun ƙara kama shi a jikin kujerun. Kailani ya mayar da ƙofar ya rufe, ya koma kan benci ya zauna.

Hadari ya haɗo daga gabas, garin ya yi duhu-duhu ko da yake azahar ba ta yi ba. Mai facin da ke maƙwabtaka da shi ya tattara kayansa ya shige rumfa. Babu kowa a garejin sai shi. Yana zaune yana kallon motar, a kashe, babu kowa a ciki, makulli a tafin hannunsa, sai ƙafafunta na baya suka sake yin wannan sautin. A wannan karon ya saurara da kyau, ya ji murya biyu ce. Ta hagu mai nauyi, ta abin da ya kama yana ja. Ta dama kuwa sakayau, ta abin da ke juyawa a banza bai riƙe komai ba.

Ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Ya karanta abin da ya zo bakinsa. Sannan ya ciro waya ya nemo lambar da ya kasa kira a bazara.

Evans ya iso bayan an ɗauke ruwan farko, da jaka a kafaɗa da lema a hannu. Mutum ne gajere mai furfura a gemu, sa'an Kailani ne ko ya girme shi kaɗan, kuma ba shi da yawan magana. Bai tayar da tsohon zance ba.

"Oga Kailani, ka ce birkin baya ne?"

"Shi ne. Injiniya, kafin mu fara, motar nan ta yi ƙara ita kaɗai, a kashe."

"Bayan an ajiye ta da 'yan mintoci?"

"E."

"Haka aka yi ta. Idan faranti ya ɗau zafi a hanya, da ya huce sai ya ɗan tsuke, ita kuma sai ta ƙara matse birkin da kanta don kada ya saki. Ba aljani ba ne."

Kailani ya gyaɗa kai. Ya yarda da bayanin, amma bai ɗauke ido daga kan motar ba.

Suka sa duwatsu a tayoyin gaba, suka ɗaga bayan motar, suka cire tayoyin biyu. Evans ya zauna a wajen direba, ya jona wayar na'urarsa a wani rami ƙarƙashin sitiyari, ya kunna motar ba tare da ya tayar da inji ba. Ya daɗe yana karanta abin da ya fito a fuskar na'urar.

"Ta ajiye ƙorafi," in ji shi. "Ƙafar dama ba ta kama hambirki. Kuma ba yau abin ya fara ba. Ta rubuta kilomitan da take kai lokacin da ya faru, daga nan zuwa yau tafiyar da ta yi ba ta kai kilomita saba'in ba."

Kailani bai san mota tana riƙe irin wannan ba. Duk watannin nan da yake ganin shi kaɗai ya sani, ashe abin yana rubuce a cikinta, tana ƙarƙashin tamfol a tsakar gidan Labaran.

Evans ya danna na'urar, ya ba injinan biyu umarni su janye. Na hagu ya yi gurnani na 'yan daƙiƙu ya tsaya. Kailani ya kwance kalifar, ya sa ɗan ƙarfe ya tura fistan, sai ga shi ya koma ciki salin-alin, ko ƙarfin kirki bai sa ba. Ya tsaya yana kallon hannunsa. Abin ke nan duka, kiran waya ɗaya da minti biyu. Ya zaro tsohon fad ɗin, babu sauran komai a jikinsa sai ƙarfe tsirara, har ya fara yi wa farantin zane.

Na dama kuwa ya yi ta juyawa bai tsaya ba sai da Evans ya kashe shi. Ya sauko ya kwance kusoshi biyun da ke riƙe da baƙin akwatin, ya buɗe shi a kan wani tsumma. A ciki akwai 'yan ƙananan faifai masu haƙora. Ɗaya daga cikinsu ya tsage, haƙoransa sun zube cikin giris kamar tsakuwa a cikin tuwo.

"Wannan ba lalacewa ya yi don kansa ba," in ji Evans. "Wani ne ya danne fistan da ƙarfin tsiya, injin bai janye ba. Ka ga fad ɗin nan gefen sabo ne, na can tsoho. Wanda ya yi aikin ya ji abin ya karye, ya tsorata, ya bar ɗayan."

Ruwa ya dawo yana dukan kwanon rumfar. Kailani ya ce, "Ni ne."

Evans ya ɗago ya dube shi.

"Ni na yi. Motar Labaran ce, wanda ta danne a Hanwa. Kwana uku tsakani."

Evans ya san labarin, kamar yadda duk Tudun Wada ta sani. Ya ajiye akwatin a hankali ya zauna a kan tayar da suka cire.

"Ina so ka gaya mini gaskiya," in ji Kailani. "Ni na kashe shi?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba, kuma ba zan ɗora maka abin da ban sani ba. Da ya sa ta a fakin, giya ce za ta riƙe ta ko babu birki gaba ɗaya. Wannan nasa ne. Amma da ƙafar dama tana kamawa, ko a firi ya bar ta ba za ta gusa ba a wannan gangarar. Ƙafa ɗaya ta rage mata, ita ma fad ɗinta ya ƙare. Ko ya ja maɓallin a ranar ko bai ja ba, babu wanda ya gani."

"Ya ja. Na san Labaran."

"To ka fi ni saninsa."

Suka hau motar Evans suka tafi Sabon Gari cikin ruwan, suka yi shago huɗu kafin su sami kalifa cikakkiya da injinta. Da suka dawo, Kailani ya yi aikin da hannunsa, Evans yana tsaye a kansa. Ya goge farantan, ya wanke mazaunin fad, ya shafa giris a inda ake shafawa, ya sa sababbin fad a ƙafa biyun. Ya ɗaura sabuwar kalifar, suka fitar da iskar da ta shiga bututun man birki, Evans yana taka feda shi yana buɗewa yana rufewa. Kowane kusa sai da ya bi shi sau biyu. Sannan Evans ya ba injinan umarni su koma bakin aiki. Suka yi gurnani tare, murya ɗaya, suka tsaya tare. Fitilar ta mutu.

"Za ka gaya mata?" in ji Evans yana naɗe wayarsa.

"Idan ban gaya mata ba kai za ka gaya mata?"

"A'a. Ba nawa ba ne."

"To raka ni. Ba sai ka fito ba."

Bayan la'asar suka kama hanyar Hanwa, Kailani a motar Labaran, Evans yana bin sa a baya. Ruwa ya ɗauke, kwalta tana tururi. Bai kunna rediyo ba, bai kalli madubi ba saboda carbin da ke lilo a jikinsa. A Kwangila wani mai babur ya gitta masa, ya taka birki, motar ta tsaya cak babu ko ƙara.

Da ya iso gidan ya sauka kan gangarar ya tsaya. An gyara get ɗin, an buga shi ya miƙe, amma fentin da aka shafa a wurin ya fi sauran haske. Ya sa motar a firi, ya ja maɓallin, ya ɗauke ƙafarsa daga kan birki a hankali. Ba ta motsa ba. Ya zauna a haka yana kallon wurin fentin har sai da ya ga kamar get ɗin ne ke matsowa. Sannan ya mayar da ita fakin, ya kashe, ya fita ya zagaya ta baya ya ƙwanƙwasa ƙaramar ƙofa.

Rauda ta fito, ta sa Surayya ta shimfiɗa masa tabarma a baranda ta kawo ruwa, sannan ta ce mata ta koma ciki wurin ƙaninta Adnan. Ita ta zauna a kan kujera can gefe.

"Ai da ka kira ni na zo na ɗauka."

"Akwai maganar da ba ta waya ba ce, Maman Surayya."

Ya faɗa mata duka, idonsa a kan tabarma. Bai rage komai ba, har dariyar Labaran da amsar da ya ba shi, har ƙaryar da ya yi a kan ƙafar hagu, har ranar Larabar da ya mayar da waya aljihu. Ya faɗa mata abin da Evans ya ce, ɓangaren da ya sauƙaƙa masa da wanda bai sauƙaƙa ba. Ya ciro tsagaggen faifan daga aljihu, naɗe a takarda, ya ajiye a gefen tabarmar.

Ba ta taɓa faifan ba. Ta daɗe tana kallonsa daga inda take.

"Ranar Talata ya nuna mini fitilar," in ji ta. "Na ce ya koma wurinka. Ya ce Kailani ya ce ba komai, kuma in Kailani ya ce ba komai, to ba komai."

Kailani ya sunkuyar da kai.

"Wata huɗu ina zaune a ɗakin can ina jin haushinsa. Ina yi masa addu'a ina jin haushinsa, ina cewa garajensa ne ya mayar mini da 'ya'ya marayu. In na gaji da shi sai in dawo kaina. Ka san ya yi hon a ranar? Sau biyu. Ina yi wa Adnan wanka, na ce bari in ɗauraye masa sabulu tukuna. Da na fito na buɗe masa, da bai sauka ba."

Ta kama bakin hijabinta ta riƙe.

"Na san kwana ne ya ƙare, Malam Kailani. Ni ma ina faɗa wa yara haka. Amma yau kada ka nemi in ce maka wani abu, don ba ni da shi."

"Ban zo don ki ce ba. Ina so ki gaya wa yayansa, Alhaji Sharfaddeen, ina son ganinsa. Duk abin da dangi suka yanke, ina nan."

Ta ce za ta gaya masa. Ya ajiye makullin kusa da takardar, ya yi sallama ya fita. Ya shiga motar Evans suka dawo Tudun Wada.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Alhaji Sharfaddeen, yayan Labaran, ya tara 'yan'uwa a zauren gidansu na Tudun Jukun. Kailani ya maimaita abin da ya faɗa. Wani ƙanen marigayin ya tashi ya fita bai dawo ba. Alhaji Sharfaddeen ya ce sun san abin da ke tsakaninsa da ɗan'uwansu, kuma da ya ga dama da ya mutu da maganar a cikinsa. Ya ce su a nasu ɓangaren sun bar wa Allah. Matar da 'ya'yan kuwa ba zai yi magana da bakinsu ba.

Zancen ya bazu a unguwa. Wasu masu motoci suka daina zuwa garejin, wasu suka ci gaba da zuwa amma suna tsayawa a kansa har ya gama. Rauda ba ta sake kawo masa motar ba, wurin Evans take kai ta.

Kailani ya je wurin limamin unguwarsu ya tambayi hukuncin wanda ya zama sanadin rai bisa kuskure. Liman ya saurare shi, ya ce lamarinsa yana da shubuha, tunda ba a tabbatar da wanne ne ya jawo wanne ba, amma idan zuciyarsa ta ƙi natsuwa, azumin wata biyu a jere ba zai cutar da shi ba. Washegari ya ɗauka. Matarsa Ishatu tana tashi ta haɗa masa sahur ba ta tambayarsa komai, don ya riga ya gaya mata. Yana aiki a ƙarƙashin mota da bakinsa a bushe, idan jiri ya ɗebe shi sai ya fito ya zauna a benci har ya wuce. Ranakun Asabar yakan rufe gareji da wuri ya tafi shagon Evans ya zauna a gefensa, yana koyon karanta abin da na'urar ke cewa, da tabarau a hanci, yana bin haruffan da yatsa.

Yana cikin kwana na arba'in da wani abu Evans ya ce masa Rauda ta zo canjin mai.

"Ta tambaye ka. Na ce kana nan, kana azumi. Ta ce azumin me a wannan watan, na gaya mata."

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Ta daɗe a zaune a cikin motar kafin ta tayar."

Ya cika sittin ɗin ranar wata Lahadi, damina ta riga ta ja baya, an fara yankan dawa. Washegari da safe Ishatu ta ajiye masa koko da ƙosai a gabansa, ta koma madafa. Da ta dawo ɗaukar kwanon ta same shi yadda ta bar shi, hannunsa a kan cinya, kokon ya yi sanyi har ya kama fata a sama.

"Malam, in ɗumama maka?"

Ya ce a'a, ta bar shi haka. Ya yi bisimilla ya sha, ya ci ƙosai biyu, ya ɗauki jakar sifanunsa ya fita.